Tambayi Likita: Ƙwayar HPV da Ciwon Dajin Baki da Maƙogwaro

Wasiƙu da yawa na wannan watan sun taru a kan magana ɗaya, wato cewa ciwon dajin da ƙwayar cutar HPV ke haddasawa a baki ko maƙogwaro ya fi saurin jin magani. Akwai gaskiya a maganar, amma tana da iyaka, kuma rashin sanin iyakar na iya jawo asarar rai. Likitocin kunne, hanci da maƙogwaro, da na gashin daji (wato ƙona ƙari da haske daga inji), da na gwajin nama da ke kula da wannan fili ne suka haɗu suka amsa.

Assalamu alaikum Likita. An gano yayana mai shekara 52 yana da ciwon daji a maƙogwaro. Da sakamakon gwajin nama ya fito an rubuta p16 a jiki, likitansa kuma ya ce mu gode wa Allah, wai HPV ce ta jawo ciwon. Ni dai na kasa gane yadda ciwon daji zai zama abin murna. Ko lallashinmu yake yi? Daga wata mai karatu a Kano.

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba yayanki lafiya. Ba lallashi ba ne. Dajin da ke fitowa a ƙofar maƙogwaro, wato a tushen harshe da ƙululun nama biyu da ke gefe da gefen belu waɗanda asibiti ke kira tonsil, iri biyu ne masu kama da juna. Ɗaya taba da giya ke kawo shi, ɗayan kuma HPV, kuma p16 da aka rubuta a takardar wani sinadari ne da ke nuna sawunta a nama. Dangin wannan ƙwaya sun haura 200, amma mai lamba 16 ita ce ake samu a kusan kashi 90 cikin 100 na dajin maƙogwaro mai HPV. Ita ce dai wadda Bajamushen nan Harald zur Hausen ya gano a sankarar bakin mahaifa a 1983, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2008. A shekarar 2000 ne Dakta Maura Gillison da abokan aikinta a Amurka suka nuna cewa tana da hannu a wani rukunin dajin maƙogwaro.

Alkaluman da likitan yayanki ya dogara da su sun fito ne a 2010. An gwada naman marasa lafiya 323 da ciwonsu ya riga ya yi nisa, dukkansu an yi musu gashi da allurar kimo, wato allurar kashe ƙwayoyin daji. Bayan shekara 3, kashi 82 cikin 100 na masu HPV suna raye, marasa ita kuwa kashi 57 ne.

Dalilin yana cikin ƙwayar halitta. Kowace ƙwayar halittar jiki tana da masu gadi guda biyu, p53 da Rb. Aikin p53 shi ne idan ƙwayar ta lalace ya ba ta umarnin ta mutu, Rb kuma shi ne birkin da ke hana ta rarrabuwa ba bisa ƙa'ida ba. Hayaƙin taba yana farfasa p53 tun daga tushensa, shekara da shekaru, har ya zama babu gyara. HPV ba ta farfasa shi. Wasu sinadarai biyu take ƙerawa, E6 da E7, ɗaya yana ta share p53 da zarar an yi shi, ɗayan ya ɗaure Rb. Tushen mai gadin yana nan da lafiyarsa, saboda haka idan gashi ya bugi ƙwayar dajin, akwai sauran mai ba da umarnin mutuwa. Ga shi kuma irin waɗannan ƙwayoyi ba su iya ɗinke ɓarnar da gashi ke yi musu ba. Bayan haka garkuwar jiki tana ganin E6 da E7 a matsayin baƙi, tana kai musu hari, kuma tonsil ɗin kansa sansanin garkuwar jiki ne. Akwai dalilin da ba na ƙwayar halitta ba: masu wannan ciwo galibi ba su tsufa sosai ba, huhunsu da zuciyarsu ba su sha hayaƙi ba, suna iya jure magani har ƙarshe, kuma ba kasafai wani sabon daji ke sake tsiro musu a huhu ko maƙoshi ba kamar yadda ake gani ga mashaya taba.

Abin da ba ki faɗa mana ba shi ne ko yana shan sigari, kuma wannan yana canza lissafi. A wancan binciken an kasa mutane gida uku. Masu HPV da ba su sha taba da yawa ba, kashi 93 suka kai shekara 3. Masu HPV da suka sha taba sosai kuma ciwon ya kama kaluluwar wuya da yawa sun faɗa rukunin tsakiya, kashi 71. Rukunin ƙarshe, wanda yawancinsa mashaya ne marasa HPV, kashi 46. Ma'aunin yawan shan kuwa shi ne kwali ɗaya mai kara 20 kullum har shekara 10, ko kara 10 kullum har shekara 20. Idan har yanzu yana sha, ya bari yau, domin hayaƙi yana rage iskar da ke isa ga ƙarin, gashi kuma ya fi cin ƙarin da ke samun iska.

Idan yana da kumburi a wuya, kada ya firgita ku. Tun daga 2018 aka ware wa wannan nau'in tsarin matakai nasa. Ƙaramin ƙari a tonsil da kaluluwa biyu ko uku a gefe ɗaya na wuya, wanda a da ake kira mataki na 4, yanzu mataki na 1 ne idan p16 ta nuna kuma babu kaluluwar da ta wuce santimita 6.

Likita, mahaifinmu ɗan shekara 68 yana sa taba gari a ƙarƙashin leɓe tun yana saurayi. Wata biyu ke nan yana da gyambo a gefen harshe, an ce daji ne, za a yi aiki. Na karanta cewa idan akwai HPV gashi kaɗai ya isa. Shin mu dakatar da aikin mu fara neman gwajin HPV? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Kada ku dakatar, ɗan'uwa. Wannan ita ce tambayar da ta fi damunmu a cikin duk wasiƙun, domin a nan ake yin kuskuren da ke kashewa.

Baki daban, ƙofar maƙogwaro daban. A wurin likita, baki shi ne leɓe, da dasashi, da cikin kumatu, da ƙasan harshe, da ganda mai ƙashi, da kashi biyu cikin uku na harshe ta gaba, wato ɓangaren da ake iya zarowa waje. Abin da ke bayan nan shi ne ƙofar maƙogwaro. Tazarar ba ta fi 'yan santimita ba, amma fatar wuraren ba iri ɗaya ba ce. Tonsil yana da ramuka masu zurfi da siririyar fata inda HPV ke samun mafaka, gefen harshe kuwa ba shi da su. Wani babban bincike da ya fito a 2016, wanda ya tattara nama daga ƙasashe 29, ya sami hannun HPV a kashi 22 cikin 100 na dajin ƙofar maƙogwaro, amma a dajin baki kashi 4 kacal. Ko a cikin waɗannan 'yan kaɗan ɗin ba a tabbatar suna da wata rangwame a magani ba, shi ya sa ƙa'idar masu gwajin nama ba ta ce a riƙa yi wa dajin baki gwajin p16 ba. Ko da kun biya an yi kuma ya nuna, maganin Baba ba zai canza ba.

Abin da ya kawo ciwonsa yana gabanku. Tabar da ake ajiyewa a baki tana zuba guba kai tsaye a kan fata ɗaya, sa'o'i da yawa kullum. 'Yan'uwanmu na Sudan sun san wannan a tumbak, tabar da ake kwaɓawa da kanwa, wadda aka auna aka ga tana cikin mafi yawan sinadaran daji a duniya.

A dajin baki, wuƙa ce kan gaba. Likitan fiɗa yana cire ƙarin tare da kimanin santimita 1 na lafiyayyen nama a kewayensa, domin idan aka duba a madubin gwaji a sami aƙalla milimita 5 da babu daji. Ana kuma auna zurfin da ƙarin ya nutsa, saboda zurfin ne ke nuna ko ya kama hanyar wuya. Idan likita ya ce zai buɗe wuya ya kwashe kaluluwa alhali ba a jin kumburi, ku yarda. Asibitin Tata Memorial na Mumbai a Indiya ya gwada wannan, sakamakon ya fito a 2015: waɗanda aka kwashe musu tun farko kashi 80 suka kai shekara 3, waɗanda aka jira sai kumburi ya fito kashi 67 da rabi. Idan ana buƙatar gashi bayan aiki, a fara shi kafin mako 6 ya cika.

A nan lokaci ne ke raba mai tsira da wanda bai tsira ba. A alkaluman Amurka, wanda aka kama ciwonsa bai bar inda ya tsiro ba, sama da kashi 80 suna kai shekara 5. Idan ya yi nisa zuwa wasu sassan jiki, abin yana saukowa wajen kashi 40 ko ƙasa da haka. Ga sauran masu karatu kuma: gyambon baki da ya wuce mako 3 bai warke ba, ko farin tabo da ba ya gogewa, ko jan tabo, ko haƙori da ya fara girgiɗi ba dalili, a kai wa likita ya gani ya taɓa da yatsa. Gyambon daji yana da tauri a gindinsa, kuma sau da yawa ba ya zafi da farko.

Ranka ya daɗe, ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne. Shin p16 ita ce HPV? Kuma me ya sa wani lokaci sakamakon biyun ke saɓawa? Daga Zariya.

Malam, p16 ba ƙwayar ba ce, sawunta ne. Idan E7 ya ɗaure Rb, ƙwayar halitta tana ta zuba p16 don ta taka birki, birkin kuma ba ya kamawa, sai sinadarin ya taru har a iya rina shi a gani. Ƙa'idar karatu ita ce rinin ya kama aƙalla kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin dajin, a cibiyarsu da ruwan jikinsu duka, kuma da ƙarfi. Ɗigo-ɗigo nan da can ba sakamako ba ne, kuma rubuta shi a matsayin ya nuna kuskure ne da ke kai marar lafiya matakin da ba nasa ba.

Saɓani yana faruwa ne saboda akwai wasu hanyoyin da Rb ke lalacewa ba tare da HPV ba. Wani bincike na 2023 da ya haɗa marasa lafiya sama da 7,000 daga Turai da Kanada ya nuna nauyin wannan. Waɗanda p16 da gwajin ƙwayar suka nuna duka, kashi 81 suka kai shekara 5. Waɗanda p16 ta nuna amma babu ƙwayar, wajen kashi 55. Waɗanda babu ko ɗaya, kashi 40. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A Amurka, inda kusan kashi 70 na dajin ƙofar maƙogwaro na HPV ne, p16 ba ta cika yin ƙarya ba. A wurin da HPV ba ta da yawa a wannan ciwo, kaso mai tsoka na masu p16 za su kasance ba su da ƙwayar, kuma ƙananan binciken da aka yi a Senegal da Mozambik sun sami HPV kaɗan ƙwarai a dajin kai da wuya. Ra'ayinmu shi ne a yankinmu a tabbatar da p16 da gwajin DNA ko RNA na ƙwayar duk inda hali ya yi, musamman ga mai shan taba, kafin a yi wa iyali albishir.

Yawancin matsalar tun kafin rini take farawa. A jefa naman cikin fomalin mai ƙarfin kashi 10 nan take, ruwan ya ninka naman sau 10, ya zauna tsakanin sa'a 6 zuwa 72. Naman da aka kawo a ruwan gishiri, ko a busasshiyar kwalba, ko wanda ya yi mako biyu a fomalin, zai iya ba da sakamakon ƙarya. A riƙa rina naman shaida tare da kowane zubi. Inda ba a yin p16, ba sai an sake yankar marar lafiya ba, ƙullin kakin da aka daskarar da naman a ciki ake aikawa, kuma ba ya buƙatar firji.

Likita, mijina mai shekara 47 yana da kumburi a gefen wuya, ba ya zafi. An ce tarin fuka ne na kaluluwa, wata huɗu yana shan magani, kumburin sai ƙaruwa yake. Ba ya shan taba. Wanzami ya ce a yi sakiya. Daga wata uwargida a Gusau.

Hajiya, kada wanzami ya taɓa wuyan nan, ba sakiya ba ƙaho. Idan daji ne, huda shi yana watsa ƙwayoyinsa cikin fata ya ɓata aikin da za a yi daga baya.

Tarin fuka na kaluluwa yana da yawa a ƙasarmu, kuma wani lokaci kumburinsa kan ɗan ƙaru a farkon magani, don haka zaton farko ba laifi ba ne. Amma wata huɗu ana ƙaruwa ga mutum mai shekara 47 ya isa a sake bincike. Haka dajin HPV ya saba zuwa: kumburi mara zafi a ƙasan kusurwar muƙamuƙi, ga mutumin da ba ya shan taba, ainihin ƙarin kuma ɗan mitsitsi ne a ɓoye cikin tonsil ko tushen harshe. Dajin bayan hanci da dajin kaluluwa kansa su ma da wannan kama suke zuwa.

Ku nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Zai zura siririyar kyamara ta hanci ya duba bayan hanci da tushen harshe, sannan a zuƙi kumburin da siririyar allura, an fi so ana kallo da na'urar hoton ciki. Abin da aka zuƙo a raba biyu, ɗaya gwajin tarin fuka, ɗaya gwajin ƙwayoyin daji. Ga tarkon da ake faɗawa: kaluluwar HPV takan cika da ruwa, allura ta zuƙo ruwa zalla, sakamako ya ce babu komai. Idan haka ta faru a maimaita, a nufi bangon kumburin. Kafin nan kada ya ajiye maganin tarin fukan da kansa sai likita ya ce.

Likita, tunda an ce irin ciwon ƙanina mai jin magani ne, ba za a iya rage kwanakin gashin ba? Mako 7 a wani gari ba ƙaramin kuɗi ba ne, ga shi an ce maganin yana wahalarwa. Daga wani ɗan kasuwa a Bauchi.

Alhaji, tambayarka manyan likitocin duniya sun yi ta, sun kuma gwada. An fara da sauya allurar kimo mai suna sisplatin da wata da ake zaton ta fi sauƙi, setuksimab. Bincike biyu suka fito a ƙarshen 2018. A na Turai, bayan shekara 2, kashi 97 da rabi na masu sisplatin suna raye, masu sabuwar allurar kashi 89. A na Amurka, bayan shekara 5, kashi 85 da kashi 78 ne. Wahalar ma ba ta ragu yadda aka yi fata ba. Daga baya aka gwada rage gashin kansa daga ma'auni 70 zuwa 60, sakamakon da aka bayyana a 2024 ya nuna ciwon ya fi dawowa ga waɗanda aka rage wa. Kyawawan alkaluman da ake ambata duk na waɗanda suka kammala cikakken magani ne.

Cikakken magani shi ne gashi ma'auni 70, wanda za ka ga an rubuta Gy a takarda, ana ba da 2 kullum, Litinin zuwa Juma'a, sau 35 cikin mako 7. Tare da shi ana ba da sisplatin, ko dai miligiram 100 ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki sau uku, a rana ta 1 da ta 22 da ta 43, ko miligiram 40 ga kowace murabba'in mita kowane mako. Ƙaramin ƙari kan iya wadatuwa da aiki ko gashi kaɗai, wannan hukuncin likitocinsa ne.

Babban abokin gaba shi ne tsayawa a tsakiya. Daga wajen mako na 4 ƙwayoyin dajin da suka rage suna ƙara saurin haihuwa, kuma kowace rana da aka ƙara a kan mako 7 tana cin kimanin kashi 1 cikin 100 na damar kashe ƙarin. Saboda haka a haɗa kuɗi da masauki da mai jinya kafin a fara. Ana yin gashi a wurare irin su asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, a Nijar kuma akwai cibiyar daji ta Yamai. Duk inda za ku, ku tambayi ranar farawa, ku kuma tambayi inda za a tura ku idan inji ya tsaya. Ranar da aka rasa ana iya rama ta da Asabar, ko a yi sau biyu a rana ɗaya da tazarar aƙalla sa'a 6.

Kafin farawa ya ga likitan haƙori. Duk ruɓaɓɓen haƙori a cire shi aƙalla mako 2 kafin gashi, domin ƙashin muƙamuƙin da ya sha gashi ba ya warkewa da kyau, cire haƙori daga baya na iya sa ƙashin ya mutu. A gwada ƙoda da ji, saboda sisplatin yana taɓa su biyun. Ya riƙa shan ruwa lita 2 zuwa 3 kullum, ya guji diklofenak da aibufurofen da allurar jentamaisin da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Idan maganin ya faɗo cikin Ramadan, rangwamen da shari'a ta yi wa marar lafiya nasa ne, ya rama daga baya. Ƙarar da ba ta tsayawa a kunne, ko raguwar fitsari, ko zazzaɓin da ya kai 38, a gaya wa likita a ranar.

Daga mako na 2 zuwa na 3 baki zai fara saɓulewa, yawu ya yi kauri, ɗanɗano ya tafi. Ya riƙa kurkure baki sau 6 ko fiye a rana da ruwa lita 1 da aka sa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ɗaya na bekin soda. Kada a sa kanwa a madadinsa. Abinci mai laushi mai ɗumi-ɗumi: kunun gyaɗa, madara, ƙwai, alala, faten dankali da mai. Yaji da tsamiya da lemun tsami su jira. A auna nauyinsa kowane mako, domin idan ya rame sosai abin rufe fuskar da aka ƙera daidai kansa zai yi masa yawa, gashin ya riƙa sauka inda ba a nufa ba. Idan an ce a sa masa robar abinci ta hanci, ku karɓa, amma ya ci gaba da haɗiyar ko da ruwa ne kullum don kada naman haɗiya ya sandare. Ya riƙa wage baki sau da yawa a rana, ma'auninsa yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba.

Bayan an gama, kada a yi gaggawar hoto. Mako 12 ake jira, kuma kaluluwar HPV ta fi jinkirin sacewa, don haka ɗan saura a wuya ba lalle daji ba ne. Zai riƙa komawa asibiti duk wata 1 zuwa 3 a shekarar farko, ana tsawaitawa a hankali har shekara 5, tare da gwajin jinin maƙoƙo aƙalla sau ɗaya a shekara, saboda gashin wuya yana raunana wannan halitta.

Likita, ina jin nauyin tambayar nan. An ce ta hanyar saduwa ake ɗaukar HPV. Shekararmu 22 da aure da maigidana. Wannan na nufin ya ci amanata? Ni da abokiyar zamana mun kamu ke nan? Mu ware masa kwano da kofi? An sakaya suna.

Hajiya, tambaya ce mai kyau, kuma gidaje da yawa suna ɗauke da ita a ciki ba su furta ba. Gaskiya ne ta hanyar kusantar aure ake ɗaukar ta, har da haɗuwar baki da al'aura. Amma sakamakon nan ba ya nuna yaushe aka ɗauka ko daga wa. Tsakanin shigar ƙwayar da fitowar daji akan yi shekara 10 zuwa 30. Yawancin maza da mata da suka taɓa aure sun gamu da wani nau'in HPV a rayuwarsu ba su sani ba, kuma jiki yana share mafi yawansu cikin shekara 1 zuwa 2. Mutum na iya ɗauka daga auren fari da ya daɗe da mutuwa, nasa ko na matarsa. Babu likitan da zai iya kafa hujjar cin amana da wannan takarda, muna roƙon kada ke ma ki kafa.

Dajin kansa ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba a ɗaukar ƙwayar ta kwano ko kofi ko cokali ko buta, don haka kada a ware masa komai, yana cikin lokacin da ya fi buƙatar a ci abinci tare da shi. Wani bincike na 2014 a Amurka ya duba bakin abokan zaman masu wannan ciwo, bai sami ƙwayar a cikinsu fiye da sauran jama'a ba. Babu dalilin ƙaurace wa shimfiɗa.

Abin da ya kamata ku yi, ke da abokiyar zamanki, shi ne gwajin bakin mahaifa, wanda dama ya hau kan kowace mace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara daga shekara 30 da gwajin HPV, a maimaita duk shekara 5 zuwa 10. Mace mai ɗauke da HIV ta fara daga 25, duk shekara 3 zuwa 5. Inda ake amfani da hanyar shafa ruwan kal a duba da ido, duk shekara 3 ne. Maƙogwaro ba shi da irin wannan gwajin share fage.

Malam Likita, rigakafin da ake yi wa 'yan mata a makaranta zai kare su daga wannan ma? Yara maza fa? Kuma zai taimaki wanda ya riga ya kamu da dajin? Daga wani malamin firamare a Katsina.

Malam, rigakafin da Najeriya ta shigar cikin tsarinta a watan Oktoba na 2023, kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya ce, kuma tana kare nau'i huɗu: 6 da 11 da 16 da 18. Mai lamba 16 da muke ta ambata tana ciki. A wani gwaji da aka yi a Kosta Rika, wanda ya fito a 2013, kamuwar baki da nau'i na 16 da 18 ta ragu da kusan kashi 93 cikin 100 ga matan da aka yi wa rigakafi. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata allurar rigakafin HPV mai suna Gardasil 9 don kariya daga dajin ƙofar maƙogwaro.

Maza sun fi mata kamuwa da wannan dajin ninki huɗu ko fiye, wannan na cikin dalilan da suka sa Ostireliya ta fara yi wa yara maza a 2013, Birtaniya a 2019. Shirin kyauta na Najeriya na 'yan mata ne, mai hali yana iya yi wa ɗansa a asibiti da kuɗinsa, kuma muna ba da shawarar haka. Babu ƙwaya mai rai a cikin allurar, ɓawonta kawai aka kwaikwaya, kuma tun 2006 ake yin ta ba a sami hujjar tana hana haihuwa ba. Abin da aka saba gani shi ne ciwon damtse na kwana ɗaya ko biyu, wasu yaran kuma jiri kan ɗebe su, don haka a zaunar da su minti 15 bayan allura. Yaro mai HIV ko raunin garkuwar jiki yana buƙatar aƙalla allura biyu, uku idan ta samu.

Ga wanda dajin ya riga ya kama, rigakafin ba ya warkarwa kuma ba ya hana ciwon dawowa, kuɗin ya fi amfani a wurin gashi da abinci.